Faifan wifi goma sha huɗu amma rezo na ta yankewa: ta ina za a fara gyara?

Wani ƙanenmu da ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a Garwa ta Kamaru ya aiko da tambaya. Makarantar ta sayi na'urorin raba wifi irin na manyan ma'aikatu guda 14, na gwanjo, daga Duwala, tare da suwic ɗaya mai ba su wuta ta kebul da kwantirola mai kula da su. In wuta ta ɗauke aka tayar da janareto, kusan rabinsu ba sa dawowa. Da rana sandunan rezo cike suke a waya amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Tun da ya kunna WPA3, sabon tsarin tsaron wifi, wasu wayoyi da firinta sun daina shiga. Zangon 5 GHz kuma yakan ɓace ya dawo da kansa. Mai makarantar ya ce a ƙara sayen guda shida, shi kuma yana tambaya ko hakan zai magance.

Ƙanena, kada ku sayi ko ɗaya tukuna. Na fi shekara goma ina hawa tsani ina ɗaura waɗannan na'urori tsakanin Garwa, Marwa da Kusuri, kuma da wuya in tarar da ginin da ƙarancin na'ura ne ciwonsa. Ruwa ba ya tsami banza. Kowace alama cikin huɗun da ka lissafa tana da sanadinta daban, kuma yawancinsu ba a jikin na'urar da ke silin suke ba, suna ƙarƙashinta: wuta, kebul, agogo. Ni faifai nake kiran na'urar, don kamarsa ta yi, kuma haka zan ci gaba da kiranta a nan. Ba ka faɗi kamfanin da ya ƙera naku ba, don haka zan taɓo manyan da aka fi gani a kasuwarmu.

Mu fara da wuta, domin nan na fi zargi. Wutar da suwic ke turawa ta kebul, wadda ake kira PoE, hawa-hawa ce. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana ba da wat 15.4 a bakin suwic, abin da ke isa faifai kuwa 12.95 ne. Ta 802.3at ta 2009 tana ba da wat 30, faifai ya samu 25.5. Ta 802.3bt ta 2018 tana kai wat 60 ko 90. Faifan manyan ma'aikatu na zamanin ƙa'idar wifi ta 802.11ac zuwa sama galibi ta biyun suke so. In ka ba su ta farko, da yawansu ba sa mutuwa, kuma wannan ne ke ruɗar mutane: fitila na ci, sunan rezo na fita, amma faifan ya rage ƙarfin rediyonsa, ko ya kashe ɗaya daga ciki, ko ya rufe kafar USB, bai gaya wa kowa ba sai a cikin rajistarsa. Sannan suwic ɗin kansa yana da jimillar abin da zai iya rabawa. Akwai mai baki 24 da jimillarsa wat 195 ce kacal, akwai mai 370. Yi lissafi da kanka: 14 sau 30 ya ba ka 420. Ko mai 370 ne, in yana ware wa kowane baki wat 30 cif, biyu za su rasa. In mai 195 ne, shida kawai zai ɗauka. A ranar da aka ɗaura su ɗaya bayan ɗaya wataƙila abin ya wuce, amma in wuta ta dawo duk suka nema lokaci guda, suwic zai ba na farko-farko ya hana na baya. Shiga shafin suwic ka duba nawa ya ware wa kowane baki, nawa ya rage. Ka kunna LLDP a bakunan da faifai suke, don da shi faifai da suwic ke daidaita ainihin abin da ake bukata maimakon a ware masa mafi yawa. In har yanzu bai isa ba, sayi ƙananan na'urorin cusa wuta na 802.3at guda uku ko huɗu ka sauke wa suwic nauyi. Ka kula da abu ɗaya: wasu tsofaffin faifan Ubiquiti da wasu na MikroTik wutar bolt 24 suke sha, wadda ba ta tambayar na'ura kafin ta shiga. Kada ka haɗa na'urar cusa wuta ta wannan iri da faifan da ba nata ba.

Daga nan sai kebul. Iyakar kebul ɗin tagulla mita 100 ce, har da gajerun da ke cikin akwati. Kasuwarmu kuma cike take da wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa tagulla a sama. A kwali an rubuta Cat6, a hannu ya fi na gaskiya sauƙi, kuɗinsa ma ya fi sauƙi. Yanko ɗan guntu, ka fere roba, ka kankare zaren da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne. Irin wannan yana cinye wuta a hanya, ya yi zafi, kuma yana karyewa a bakin kan da aka matse. Gudun gigabit sai da duka tagwayen zare huɗu. In ɗaya ya tsinke, bakin yakan sauka zuwa megabit 100 shiru. Duba jerin bakunan suwic, duk faifan da ka ga yana kan 100, kebul ɗinsa ko kansa ne ke da matsala. Akwai kuma wani abu da ke ɓoye wannan ciwo: wasu faifan in kebul ya daina kai bayanai amma wuta na zuwa, sai su maƙale wa maƙwabcinsu ta iska su ci gaba da aiki da rabin gudu. Tunda naku duka a kan kebul suke, kashe wannan tsari na haɗuwa ta iska gaba ɗaya. Gara faifai ya faɗi ka gani ka gyara.

Akwai wani otal a Marwa da aka taɓa kira na, a watan Afrilu. Kullum wajen ƙarfe biyu na rana faifai biyar sai su ɗauke, bayan la'asar su dawo. An riga an sauya biyu da sababbi, ba ta canza zani ba. Da na ce a nuna min inda suwic yake, sai aka kai ni wani ɗan ɗaki marar taga, akwatin ƙarfe a manne da bangon da rana ke duka, a kulle. Da muka buɗe, hannuna bai iya daɗewa a kan murfin suwic ɗin ba. Fankarsa ba ta juyawa, ƙurar hunturu ta daskare a kanta kamar auduga, sai da na sa tsinke na ciro ta dunƙule-dunƙule. Muka hure shi, muka sauya fanka, muka cire ƙofar akwatin, aka buɗe ramin iska a bango. Tun daga ranar ba a sake kira na kan wannan ba. Faifan cikin ɗaki da yawa iyakar zafin da aka rubuta musu digiri 40 ne ko 50, mu kuwa a Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce 40. Wanda ya ɓoye faifai a saman silin, ƙarƙashin kwano, don kada yara su taɓa, a tanda ya sa shi. Sauko da shi ƙasan silin, fuskarsa na kallon ƙasa. In kuma akwai kebul ɗin tagulla da ya tsallaka tsakar gida daga wannan gini zuwa wancan, ka sa a ranka kafin damina a maye shi da faiba, kebul ɗin gilashi da ba ya ɗaukar wuta. Tsawa ba sai ta faɗo kan ginin ba take ƙone bakin suwic.

Yanzu ga abin da na fi so ka natsu a kansa, wato agogo. Faifan da ke aiki da kwantirola ba ya yarda da ita haka kawai. Kowannensu yana nuna wa ɗan'uwansa takardar shaida, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogon kwantirola ya koma baya zuwa shekarar da takardar ba ta fara aiki ba, ko ya wuce ranar ƙarewarta, faifai zai ƙi shiga, ya yi ta kunna fitila yana sake gwadawa. Kwantirola ta gwanjo, ko tsohuwar kwamfutar da aka ɗora mata manhajar, sau da yawa ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu. Muddin wuta na nan ba ka sani ba. Ranar da ta ɗauke, lokaci ya ɓace. A kwamfuta batirin CR2032 ne, irin na agogon hannu babba, ana samunsa a kowace kasuwa. Sauya shi, sannan ka saita NTP, tsarin da ke daidaita agogo ta rezo, a kwantirola da suwic da ruta, ka tabbata ba a toshe kafar UDP 123 da yake bi ba. Gwaji mai sauƙi: nan gaba in wuta ta dawo faifai suka ƙi tashi, kafin ka taɓa komai duba ranar da kwantirola ke nunawa.

In naku na Cisco ne masu shiga kwantirola, akwai abubuwa biyu da kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa a kansu. Na farko, takardar shaidar da aka sa wa tsofaffin faifai a masana'anta shekara 10 take yi. Faifan gwanjo da aka ƙera a 2013 ko 2014 tasa ta riga ta ƙare. Wanda yake haɗe zai ci gaba da aiki har ranar da ya sake tashi, daga nan ya ƙi komawa, kuma wannan ya yi kama da abin da ka kwatanta sosai. A kwantirola mai manhajar AireOS akwai umarnin da ke sa ta kau da kai daga ƙarewar takardar: config ap cert-expiry-ignore mic enable. In manhajar ta tsufa har ba ta san umarnin ba, sai a kashe NTP, a mai da agogo baya zuwa lokacin da takardun ke aiki, faifai su shiga, a sabunta manhaja, a ba da umarnin, sannan a gyara agogo. Na biyu, takardar da ke tabbatar da sa hannun manhajar faifan da ke kan IOS na Cisco, irin su 1700, 2700 da 3700, ta ƙare a 4 ga Disamba 2022. Bayan wannan rana faifai kan maƙale yana ta sauke manhaja yana ƙin karɓarta. Dabarar ita ce dai mai da agogon kwantirola kafin wannan rana har a gama, ko a ɗora manhajar da aka gyara. Mai da agogo baya bashi ne, ƙanena, ba gyara ba. Muddin yana baya, rajistarka ƙarya take faɗa maka game da lokaci, kuma wasu takardun shaidar za su iya ƙin aiki. Ka yi shi da dare, ka gama, ka mayar kafin ka bar wurin.

Akwai kuma wanda ke riga wani tashi. Faifai da suwic kan tashi kafin ruta mai raba adireshi da kwamfutar kwantirola su gama shiri. Faifai ya nemi adireshin IP bai samu ba. Na UniFi, wato na kamfanin Ubiquiti, a irin wannan hali yakan koma 192.168.1.20. In suwic na kan tsohon tsarin STP mai hana bayanai yin zagaye, kowane baki yana yin daƙiƙa 30 kafin ya fara wuce da bayanai, don haka ka mai da bakunan faifai irin waɗanda ba sa wannan jira, abin da Cisco ke kira PortFast. Ka ware wa kowane faifai adireshinsa na dindindin a DHCP, tsarin da ke raba adireshi, ka kuma gaya masa inda kwantirola take ta zaɓi na 43 na DHCP, kada ya dogara da lalube. In akwai katangar tsaro a tsakani, CAPWAP, yaren da faifan Cisco ke yi da kwantirola, na bin UDP 5246 da 5247, UniFi kuma TCP 8080. Amma maganin da ya fi duka shi ne kada waɗannan na'urori uku su ɗauke sam. Ondila mai kyau, wato na'urar batir mai ajiye wuta, wadda za ta riƙe ruta, suwic da kwantirola na minti goma sha biyar kafin gurup, wato janareto, ya tashi ya daidaita, ta fi faifai shida amfani a makarantarku. Mun san yadda wuta take a Arewacin Kamaru a ƙarshen rani, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya. Da wannan za mu tsara aiki. Ka lissafa mata nauyin PoE duka, ba na suwic shi kaɗai ba.

Sai maganar sanduna cike amma ba abin da ke tafiya. Da farko ɗauki laftof ka haɗa da kebul kai tsaye a ruta, a daidai lokacin da ake kuka, ka auna. In layin da kuke saya megabit 20 ne, mutum 300 suna kai, kowa bai kai kilobit 70 ba, kuma ba faifan da zai ƙara wannan. Sai dai ka sa wa kowace waya iyaka, ka ba ofis da ɗakin kwamfuta fifiko. In a kebul lafiya lau ne, to matsalar a iska take, kuma ina kyautata zaton an buɗe ƙarfin kowane faifai har ƙarshe.

Sandunan da ke saman waya abu ɗaya suke gaya maka: wayar tana jin faifai. Ba su ce faifai na jin wayar ba. Kamar lasifikar masallaci ce. Kana unguwa ta uku kana jin ladan tar, amma in ka amsa ba zai ji ka ba. Rediyon waya ƙarami ne, ga batir da take tattali. In faifai na ihu, waya daga ƙarshen baranda za ta maƙale masa, ta yi ta maimaita magana da mafi ƙarancin gudu, alhali ga wani faifan a saman kanta. Kuma a tasha ɗaya mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kamar zaman fada. Mai jan magana ɗaya ya isa ya tsayar da kowa. Faifai biyu da ke jin juna a tasha ɗaya kuwa fada ɗaya suke, layi ɗaya suke bi. Shi ya sa ƙara shida a kan wannan hali zai ƙara cunkoso ne.

A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kaɗai ba sa taka juna: 1, 6 da 11, da faɗin 20 MHz. Kada ka sa 40 a nan ko da manhaja ta yarda, kada kuma ka sa 3 ko 9 da tunanin ba kowa a can, domin za ka dami ɓangare biyu ne. Faifai 14 a tasha uku sun yi yawa, don haka kashe rediyon 2.4 a kan wasu, musamman waɗanda ke ajujuwa maƙwabta, ka bar 5 GHz ɗinsu. Kada ka kashe shi duka. Ƙananan wayoyin da ɗalibai da iyaye suka fi riƙewa a nan, masu araha na itel da Tecno, da yawansu 2.4 kaɗai suke gani. Rage ƙarfin 2.4 ya zama ƙasa da na 5 da kamar dB 6. Ka tuna kowane dB 3 ninki biyu ne. A 5 GHz sa faɗin 20, ko 40 in wurin ba cunkoso. Faɗin 80 yana haɗiye tashoshi 36, 40, 44 da 48 a loma ɗaya. Sannan ka kashe tsofaffin matakan gudu na 1, 2, 5.5 da 11, ka mai da mafi ƙanƙanta 12. Kowane sunan rezo yana shelar kansa kusan sau goma a daƙiƙa, da mafi ƙarancin gudun da ka bari, a kan kowane faifai. Na taɓa tarar da makaranta mai suna bakwai: na darakta, na malamai, na akanta, har da na mai gadi. Uku sun isa. Bayan ka gama, zaga da waya mai manhajar auna sigina, ka nemi kusan -67 dBm a inda mutane ke zama. Inda ya faɗi ƙasa da -75 bayan duk wannan, nan ne kaɗai za a yi maganar ƙarin faifai, ko a matsar da wanda ke baranda zuwa cikin aji. Bangon bulo da kankare mai rodi suna cin 5 GHz sosai, faifan da ke baranda kuwa ɗan'uwansa na baranda yake ji da kyau, ba ɗalibin da ke bayan bango ba.

Game da zaɓen tasha da kai, ni a gini mai faifai 14 da hannu nake rabawa. Tsarin atomatik yana da kyau inda wuta ba ta ɗaukewa. A wurinmu duk suna tashi tare, kowa ya saurara ya ji shiru domin sauran ma ba su fara ba, sai da yawa su faɗa tasha ɗaya. Zana taswirar ginin a takarda, rubuta tashar kowa, ka manna kwafi a cikin akwatin suwic.

In waya ta karɓi kalmar sirri amma ta tsaya tana neman adireshin IP, ko laftof ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, ba iska ba ce. Ko dai adireshin sun ƙare, ko VLAN ɗin wannan suna, wato keɓaɓɓen layin da aka ware masa a cikin suwic, bai wuce ta bakin suwic ɗin wannan faifai ba. In a wuri ɗaya kawai ake samun haka, VLAN ne. Gwada bakinsa da na wanda ke aiki. In ko'ina ne kuma sai rana ta yi, rumbun adireshin ne ya cika. Tsarin /24 adireshi 254 yake da shi, in kuma wa'adin aro kwana ɗaya ne ko mako, duk wanda ya shigo da safe ya tafi ya tafi da nasa. Faɗaɗa zuwa /22, wato 1022, ka rage wa'adin na ɗalibai zuwa awa biyu. Ka kuma sani tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙiro lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, ta daban ga kowane sunan rezo. Waya ɗaya a suna uku wayoyi uku ce a idon ruta, kuma tantance mutane da jerin MAC ya daina zama abin dogaro.

Ɓacewar 5 GHz kuwa, in ba ƙarancin wuta ba ne, galibi DFS ne, wato tsarin da ke sa faifai ya kauce wa rada. Tashoshi 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140 rada ce ke da fifiko a kansu. Kafin faifai ya yi magana a can sai ya saurara na daƙiƙa 60, a tashoshi 120, 124 da 128 kuwa, bisa ƙa'idar Turai, minti 10. In ya ji abin da ya yi kama da rada dole ya bar tashar nan take, ba zai koma ba sai bayan minti 30. Wani lokaci radar gaske ce, musamman ga ginin da ke kusa da filin jirgi, wani lokaci kuma kunnen faifan ne ya yi kuskure. Nemi kalmar radar a rajista. In ka gan ta tana maimaituwa, cire tashar da abin ya shafa, ko ka tsaya kan 36, 40, 44 da 48 da faɗin 20. Duba kuma ƙasar da aka saita. Kayan gwanjo da ƙasarsu suke zuwa: a Cisco harafin ƙarshen lambar samfur ne ke nunawa, kamar -E na Turai, -B na Amurka, kuma in bai dace da ƙasar da ke kwantirola ba rediyon ba zai tashi ba. Na Aruba da aka yi wa Amurka a kulle suke, ba a sauya musu ƙasa. Na Meraki sai da lasisi, kuma in tsohon mai su bai sake su daga asusunsa ba, ba za ka iya ɗaukarsu ba. Kada ka zaɓi wata ƙasa don kawai ta fi ba da ƙarfi. Hukumar ART ce ke da iko da wannan a Kamaru, ARCEP kuma a Cadi ga 'yan'uwanmu na Njamena.

WPA3 ya fito a 2018, kuma ya wajabta kare saƙonnin gudanarwa, wato 802.11w. Tsarin gauraye na WPA2 da WPA3 an yi shi ne don tsoho da sabo su zauna tare, amma wasu tsofaffin wayoyi, firinta, na'urar ɗaukar yatsan ma'aikata da kyamarori in suka ga abin da ba su sani ba a shelar, sai su ƙi shiga baki ɗaya, wasu ma su ce kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take. Haka 802.11r, mai saurin tsallakawa daga faifai zuwa faifai, yake yi wa wasunsu. Kada ka sauke tsaron kowa saboda firinta ɗaya. Cikin sunaye ukun nan ware ɗaya na tsofaffin kaya: WPA2 da AES kaɗai, ba 802.11r, ba 802.11w, a VLAN ɗinsa, da doguwar kalmar sirri da ba a ba ɗalibai. Na ɗalibai ma, in wayoyin da ke kasa shiga suna da yawa, bar shi a WPA2 zuwa wani lokaci, ka kunna raba su da juna don kada waya ta ga waya. 802.11k da 802.11v, masu taimaka wa waya zaɓen faifai, ba su cika kawo rigima ba, bar su a kunne. Ka dai tuna waya ce ke yanke shawarar tsallakawa, faifai shawara kawai yake ba ta. Akwai saitin da ke korar waya in siginarta ta yi ƙasa da wani mataki. Kada ka taɓa shi sai ka gama rage ƙarfi, in ba haka ba za ka kori mutane zuwa inda babu wani faifan.

In malamai kowa da sunansa da kalmar sirrinsa yake shiga, ta sabar RADIUS mai tantance su, akwai sauyi biyu da suka wahalar da masu aikinmu. Daga sabuntawar Android 11 ta Disamba 2020, wayoyi da yawa sun cire zaɓin ƙin tantance takardar shaidar saba, sai ka sa takardar da sunan yankin daidai. Windows 11 kuma daga 22H2, a nau'in ma'aikatu da na makarantu, tana kunna Credential Guard, wanda ke hana shiga kai tsaye da PEAP-MSCHAPv2, wato hanyar suna da kalmar sirri. Ana iya kashe shi, amma ni ban ba ka shawarar haka ba. Hanyar da za ta ɗore ita ce EAP-TLS, kowace kwamfuta da takardarta. Rubuta ranar da takardar sabarku za ta ƙare a bango inda za ka riƙa gani.

Manhajar cikin faifai kuma, kashe sabuntawa da kai. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, faifai na iya ƙin tashi sai an sauko da shi. Karanta takardar da ke rakiyar kowace sabuwar manhaja, domin a nan kamfani ke lissafa matsalolin da ya sani bai gyara ba da yadda za a kauce musu. Ajiye kwafin saiti a filas, sabunta faifai ɗaya, bar shi kwana uku, sannan sauran, ranar Asabar, gurup na aiki.

Duk abin da na faɗa kada ka yi shi a rana ɗaya. Sauyi ɗaya, ka rubuta a littafi da rana da dalili, ka jira ka gani. Fara da shafin PoE da ranar da ke kwantirola, domin waɗannan ko sisi ba za su ci ba. Ga mai makaranta kuma, gaya masa cikin ladabi ya ba ka mako biyu, kuɗin faifai shidan a riƙe su don ondila da kebul na gaskiya. In ka samu dama, ɗauko min hoton takardar da ke manne a bayan faifai ɗaya, da ta suwic, da layuka hamsin na ƙarshe na rajistar kwantirola bayan wuta ta dawo. Ka rufe adireshi da kalmomin sirri kafin ka turo. Allah ya taimaka.